Tambaya da Amsa: Sifirin Ɗin Tsohuwar Akori-kura

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon yawancinsu daga Zariya da kewayenta ne, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke: bayan mota ya zauna, sifirin ya karye, ko mai mota yana son ta ƙara ɗaukar kaya. Kaka ta yi, akori-kura ba ta hutawa tsakanin gona da kasuwa, don haka muka haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya: Ina da tsohuwar Hilux da nake jigilar taki da masara da ita. Bayanta ya sauka, kuma ta karkata hagu ko babu kaya. Wani ya ce shokazoba ne, wani ya ce sifirin. Wanne ne, kuma zan iya sauya ɓarin da ya lalace kaɗai? Daga wani manomi a Shika.

Amsa: Malam, shokazoba ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa kashe lilon mota bayan ta faɗa rami. Abin da ke riƙe tsayin mota shi ne sifirin, wato jerin fallayen ƙarfen nan da ke ƙarƙashinta, saboda haka idan ta zauna ko ta karkata a tsaye, can za ka duba. Ajiye ta a daɓe mai daidai, babu kaya, iskar tayoyi ɗaya. Auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi da ke saman taya, hagu da dama. Bambancin santimita 1 ba komai ba ne, nauyin tankin mai kaɗai yana kawo shi. Idan ya kai santimita 2 ko ya wuce, akwai matsala.

Sai ka shiga ƙarƙashi da tocila da buroshin ƙarfe. Lafiyayyen sifirin na baya yana da lanƙwasa, tsakiyarsa ƙasa, bakunansa sama. Wanda ya miƙe sambal babu kaya, ko ya fara lanƙwashewa ta baya, ya gama aiki. Goge gefen fallayen ka nemi tsaga, musamman dab da yu-bol, ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksul (ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya), da kuma kusa da ido, wato naɗaɗɗen bakin babban fallen da ake kira uwar sifirin. Duba inda bakin gajeren falle yake gugar na samansa: idan ya ci rami har farce yana maƙalewa, a nan zai karye nan gaba. Jan gari kamar na tsatsa da ke fitowa daga tsakanin fallaye a tsakiya yana nuna yu-bol ya saki, fallayen suna motsi inda bai kamata ba. Akwai kuma robar da ke manne a shasi saman aksul. Idan bakinta ya yi sheƙi ko ta yage, aksul yana dukanta kullum.

Kafin ka ɗora wa sifirin laifin duka, duba bushin ɗin idanunsa, wato robar da ke cikinsu, da maƙalin da aka like a shasi. Bushin da ya cinye a ɓari ɗaya, ko maƙalin da ya tsage, yana karkatar da mota ko da sifirin ɗin lafiya lau.

Batun sauya ɓari ɗaya kuwa, ba mu ba ka shawara ba. Sabo a hagu da tsoho a dama zai mayar da karkatar ɗaya ɓarin, motar ta riƙa ja gefe idan ka taka birki da kaya, kuma tsohon ba zai daɗe ba tunda shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu. A sauya su biyu tare.

Tambaya: A kasuwar kayan mota an nuna mini sabo da na Beljiyam, farashinsu ba ɗaya ba. Ta yaya zan gane wanda ya dace da motata? Daga mai karatu a Sabon Gari.

Amsa: Kada ka tafi da sunan mota kawai, domin Hilux iri-iri ce, kuma tsohuwar mota ta riga ta bi hannun makanikai da yawa. Ka tafi da awo a rubuce, ko ma da tsohon sifirin ɗin a hannu. Auna daga tsakiyar idon gaba zuwa santa-bol, ƙusar da ta ratsa tsakiyar fallayen ta haɗa su, kana bin lanƙwasar uwar sifirin, sannan daga santa-bol zuwa idon baya. Awon nan biyu sau da yawa ba ɗaya ba ne, ɓangaren gaba ya fi gajarta. In aka ɗaura shi a juye, ko aka sayi wanda santa-bol ɗinsa bai zo wuri ɗaya ba, aksul zai gusa, taya ta riƙa gugar bodi, farfela kuma, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul, ta matse ko ta zaro. Sai faɗin falle: na tsofaffin Hilux milimita 60 ne, na Land Cruiser 70. Sai kaurin kowane falle da yawansu da faɗin ramin ido.

Kauri ya fi yawan fallaye muhimmanci, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Taurin falle yana hawa ne da kauri sau kauri sau kauri. Falle mai milimita 8 ya fi mai milimita 7 tauri da kusan rabi, duk da a ido bambancin bai taka kara ya karya ba. Saboda haka sifirin mai falle biyar yana iya fin mai falle shida ƙarfi.

Na Beljiyam da aka ciro daga mota ɗaya, hagu da dama, bai ci tsatsa ba, yakan fi sabon da ba a san masana'antarsa ba. Ajiye su biyun a ƙasa gefe da gefe, idanunsu sama, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan idanun, ka auna zurfin lanƙwasar kowanne. Su zo ɗaya, ko bambancin kada ya wuce rabin santimita. Ka yi hattara da wanda aka shafa wa sabon baƙin fenti mai kauri, kankare shi ka gani, fenti yana rufe tsaga da tabon walda. Motocin Turai suna bin titin da ake zuba wa gishiri lokacin sanyi, don haka duba tsakanin fallayen ko tsatsa ta yi ƙananan ramuka, daga irin ramukan nan tsaga ke farawa. In ba a samu a Zariya ba, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano sun fi yawan zaɓi.

Tambaya: Ni ɗan koyo ne a gareji. Maigidana yana sauya sifirin da sauri, amma wasu motocin suna dawowa bayan wata ɗaya ko biyu da santa-bol a karye. Ku bayyana mini yadda ake aikin daga farko. Daga wani matashi a Kwangila.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, samari. Tun ana gobe za a yi aikin ya kamata a fara, a jiƙa duk notuna da man kwance tsatsa su kwana. Kayan da za ka tanada: sifirin biyu, yu-bol huɗu sababbi da notunansu da wosha, bushin na idanu da na shakul (ƙarafan da suka rataye idon baya a shasi), santa-bol in za a buɗe fallayen, da fil ɗin shakul idan tsofaffin sun ci.

Mota ta tsaya a ƙasa mai tauri, a tare tayoyin gaba da katako gaba da baya, domin birkin hannu ba ya riƙe komai da zarar tayoyin baya sun tashi. A ɗaga ta, a kafa ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin shasi gaban maƙalin sifirin. Bulon siminti ba abin tokare mota ba ne, yana fashewa ba gargaɗi, kuma mutum ne a ƙarƙashi. Jak ya koma ƙarƙashin aksul ya riƙe nauyinsa. A yi ɓari ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, hakan yana hana aksul juyawa, kuma kana da ɓarin da za ka duba in ka manta yadda abu yake.

Kwance ƙasan shokazoba, sannan notunan yu-bol. Raba aksul da sifirin a hankali har kan santa-bol ya fita daga raminsa, idonka na kan tiyon birki da wayar birkin hannu kada su miƙe. Cire shakul na baya, wato ƙarafan nan biyu masu lilo, sannan fil ɗin gaba. Fil ɗin gaba yakan manne da bututun ƙarfen cikin bushin. In ya ƙi fita, yanka shi da zarto ta gefe biyu na idon. Kada a kai wutar gas wurin, tankin mai da tiyonsa suna kusa. Idan za ka buɗe fallayen, matse su da ƙarfen matsi ta kowane gefe kafin ka kwance santa-bol, sannan ka sassauta a hankali, domin a ɗaure suke da ƙarfi kuma suna iya tsalle su fasa hannu.

Wurin da sifirin ke zama a kan aksul a kankare shi tas, ba tsatsa, ba laka, ba fenti mai kauri. Duba ramin da kan santa-bol ke shiga: in ya zama kamar ƙwai, a gyara shi kafin a ci gaba. Bushin na roba a tura shi da ruwan sabulu, giris da baƙin mai suna cin roba. Rataya idon gaba, sannan shakul, notunan a ɗaure su da hannu kawai tukuna. Daidaita aksul har kan santa-bol ya zauna cikin raminsa, sai yu-bol.

Nan amsar tambayarka take. Santa-bol ba shi ke riƙe aksul ba, aikinsa haɗa fallaye da nuna wurin zama. Matsin yu-bol ne ke riƙe komai. Yu-bol da aka taɓa ɗaurewa ya riga ya miƙe, haƙoransa sun lanƙwashe, in ka mayar da shi sufana za ta nuna maka ya ɗauru alhali matsin bai kai ba. Da mota ta fara aiki, fallayen za su riƙa motsi, kowane taka birki da kowane tashi suna sarar santa-bol har ya yanke. Daga nan aksul ya gusa baya a ɓari ɗaya, ka ga mota na tafiya a karkace, sitiyari ba ya tsakiya. Falle da ya karye daidai kan ramin tsakiya shi ma shaidar sakin yu-bol ne. Don haka sabon yu-bol kowane lokaci. A ɗaure notunan huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan, zagaye uku, da sufana mai awon ƙarfi. A tsofaffin Hilux awon kamfani yana wajen 120 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) a yu-bol, shakul kuma wajen 90 Nm. Wata mota a duba littafinta. Ƙara dogon bututu a sufana a hau da ƙafa yana miƙar da ƙarfen ne ya wuce iyakarsa.

Notunan ido da na shakul ba a ɗaure su ƙarshe sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, an girgiza bayanta sau da yawa. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe da zarar an sauke, ta yage cikin 'yan makonni. Abu na ƙarshe, wanda kusan kowa ke tsallakewa: a gaya wa mai mota ya dawo bayan kilomita 100 zuwa 150 da kaya, tafiya ɗaya zuwa Kaduna da dawowa ta isa, a sake bin notunan yu-bol. Sababbin fallaye suna zama, fenti yana murƙushewa, matsin ya ragu. A ƙara bi bayan kamar kilomita 800.

Tambaya: Uwar sifirin ɗin 504 ɗina ta karye a hanyar Pambeguwa, mai walda ya like mini. Zan iya ci gaba da aiki da ita? Kuma me kuka gani game da kai sifirin wurin maƙera su dake shi ya dawo da lanƙwasarsa? Daga wani direba a Tudun Wada.

Amsa: Waldar ta kawo ka gida, aikinta ya ƙare. Ƙarfen sifirin ana gasa shi ne a zafin da ya haura digiri 800, a tsoma a mai, a sake ɗumama shi a wajen digiri 450 zuwa 500, shi ne yake lanƙwasawa ya dawo. Wutar walda tana rushe wannan. Dab da ɗinkin ƙarfen yana yin tauri mai saurin fashewa, can gaba kaɗan ya yi laushi, kuma a gefen waldar zai sake karyewa. Uwar sifirin ita ce ta haɗa aksul da mota. In ta rabu a ɓangaren gaba kana gudu da kaya, aksul zai ja baya, taya ta cije bodi, motar ta juya da kai. A sauya ta kafin ka sake yin lodi.

Dukan maƙera a sanyi yana dawo da lanƙwasa, amma ƙarfen da ya gaji yana nan a gajiye, bayan 'yan watanni zai koma yadda yake, kuma kowane tabon guduma wuri ne da tsaga za ta iya farawa. In sifirin bai tsage ba, bai ci ba, kuma aljihu bai kai ba, ana iya yi a lallaɓa zuwa ƙarshen kaka, sai dai a yi ɓari biyu a gwada su su zo ɗaya. Wanda aka sa wa wuta ya yi ja don a lanƙwasa shi cikin sauƙi ya tashi daga sifirin. Tun da kamfanin Peugeot na Kaduna ya daɗe yana haɗa 504, har yanzu ana samun fallayenta a hannun masu tsofaffin kaya, ka nemi uwa ta gaske.

Tambaya: Ina so a ƙara wa motata falle uku ko huɗu kowane ɓari domin ta riƙa ɗaukar buhu 20 na masara daga Giwa. Falle nawa ya kamata? Daga wani ɗan kasuwa a Samaru.

Amsa: Alhaji, ƙarin falle yana hana bayan mota zama, amma ba ya ƙara abin da aka gina ta ta ɗauka. Irin waɗannan motoci, Hilux da L200 da Nissan da 504, kayansu wajen tan ɗaya ne, har da direba da yaran mota. Buhu mai kilo 100 guda 20 tan biyu ke nan. Mu yi lissafin taya kawai. Taya 195R14C mai lambar nauyi 106 tana ɗaukar kilo 950, shi ma sai an cika ta iska 65. Ko kilo 1,700 ne kaɗai na kayan ya sauka a baya, ka haɗa da nauyin bayan motar kanta da ba ya kasa kilo 500, kowace taya tana ɗauke da kilo 1,100. In kuwa tayar ƙaramar mota ce mai lamba 91, iyakarta kilo 615. Irin wannan lodi yana fasa tayar baya, musamman cikin zafin rana.

Bayan taya akwai boris. A waɗannan motoci sandar aksul ɗin da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da nauyi, a kan boris ɗaya tak kowane ɓari. Yawan lodi yana cinye shi, yana lanƙwasa bututun aksul, wani lokaci sandar ta zare da tayarta. Birki kuma an auna shi ne da nauyin kamfani. Sifirin da ya yi tauri fiye da kima yana daina shanye duka, sai dukan ya wuce kai tsaye zuwa shasi, shi ya sa ake ganin shasi ya tsage a bayan kan mota ko a maƙalin sifirin. Motar da ta zauna tana gaya wa mai ita kaya sun yi yawa. Falle huɗu na ƙari suna rufe mata baki ne kawai.

Abin da muke goyon baya shi ne falle ɗaya kowane ɓari ga motar da kullum take cike da kayanta na ƙa'ida a mummunar hanya. A sa shi ƙarƙashin falle na biyu ko na uku, faɗinsa ɗaya da sauran, tsawonsa ya faɗo tsakanin na samansa da na ƙasansa yadda matakan za su tafi daidai. A goge bakunansa su yi sulɓi don kada su ci na sama. Ramin tsakiya a huda shi da injin huji a hankali ana zuba mai, kada a ɓula da wutar walda. Za a buƙaci santa-bol da yu-bol masu ƙarin tsawo, da maɗauran gefe da za su rufe fallayen duka. Motar za ta tashi da kamar santimita 2 zuwa 4. Wanda ya fi wannan daɗin tuƙi shi ne kakkauran fallen taimako na can ƙasa, wanda ba ya taɓa sauran sai an yi lodi, don haka mota ba ta tsalle in babu kaya. Kuma a jera buhuna daga jikin kan mota zuwa baya. Duk abin da ya wuce aksul ta baya yana danna sifirin fiye da nauyinsa, yana kuma ɗage tayoyin gaba har sitiyari ya yi sakayau. Buhu 20 sawu biyu ne, ko aikin Canter.

Tambaya: Hanyar ƙauyenmu tana lalacewa da damina, ina son a ɗaga Hilux ɗina. An ce a sa dogon shakul ko a saka ƙarfe tsakanin aksul da sifirin. Daga wani malamin makaranta a Soba.

Amsa: Malam, ka fara sanin cewa ɗaga sifirin yana ɗaga bodi da shasi ne, ƙundun aksul yana nan inda yake, tsayin taya ne kaɗai ke ɗaga shi. Sau da yawa sabon sifirin mai awon kamfani ya wadatar, domin tsohuwar mota ta riga ta yi asarar santimita 3 ko 4.

Dogon shakul yana ba da rabin abin da aka ƙara masa, ƙarin santimita 5 ya ɗaga mota 2 da rabi, kuma yana karkatar da bakin aksul, yana sa bayan mota rawa a kwana. Ƙarfen da ake sakawa tsakani yana ɗaga mota ne kawai idan sifirin yana saman aksul, kamar a Hilux mai jan ƙafa huɗu. A mai jan ƙafa biyu, inda sifirin ke ƙarƙashin aksul, sauke ta zai yi. Ko inda yake aiki, yana ba aksul damar murɗa sifirin wajen tashi da birki, kuma ba a sa shi a aksul na gaba ko kaɗan. Hanyar da ta dace ita ce sifirin mai ƙarin lanƙwasa, kada a wuce santimita 5.

Da an ɗaga, abubuwa suna biyo baya. Shokazoba ya zama mai tsawon da ya dace, in ba haka ba shi zai riƙa tare aksul idan taya ta faɗa rami, har ya tsinke maƙalinsa. A ɗaga shasi a bar aksul ya rataya, a tabbatar tiyon birki bai miƙe ba. In farfela ta fara kaɗawa a wani gudu, ana gyara kusurwar da siririn ƙarfe mai gangare na digiri 2 zuwa 3 a mazaunin sifirin. Mafi muhimmanci, yawancin Hilux suna da bawul a shasi ta baya, da siririyar sanda da ta haɗa shi da aksul. Shi ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan mota ta zauna da kaya. In an ɗaga mota ko an ƙara falle, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya ko da a cike take, birkin baya ya yi rauni. A ɗaga maƙalin sandar a kan aksul daidai da abin da motar ta tashi. Kada a yarda a cire shi a haɗa tiyo kai tsaye, tayoyin baya za su riƙa cijewa a jiƙaƙƙen titi in babu kaya.

Gaba kuma, in motarka mai sandar murɗawa ce maimakon sifirin, ana ɗaure notinta ta tashi, amma kada a wuce santimita 2 zuwa 3, bol-join ne ke biyan kuɗin, kuma dole a kai ta alaimen bayan an gama.

Tambaya: Sifirin ɗina yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. In zuba masa baƙin mai? Daga mai karatu a Wusasa.

Amsa: A'a. Baƙin mai yana kama ƙurar hunturu da yashi ya zama abin guga a tsakanin fallaye, yana kuma narkar da bushin. Wanke sifirin da ruwa mai ƙarfi, ka ɗaga shasi fallayen su buɗe, ka duba ƙananan robobin da ke bakin fallaye, in sun cinye a sa sababbi. In ƙarar daga ido take, bushin ne, a sauya shi tare da fil ɗinsa idan fil ɗin ya cinye a tsakiya. Idan kana son abin shafawa, nemi busasshen feshi mai garin girafait, wanda ƙura ba ta manne masa, ka fesa a bakunan fallaye kawai, ban da tsakiya inda yu-bol ya matse.